Bairos a kwamfutar gida: ta ina yake shigowa, kuma ya za ka tare masa hanya

Kwanakin baya ƙanwata ta shigo min da filash ɗinta a hannu ido ya yi jawur, wai Yaya shikenan duk aikina na wata uku ya tafi. Na karɓa na saka a kwamfutata, ina buɗewa sai naga foldojinta duk suna nan da sunayensu, amma kowacce da ɗan alamar kibiya a gefe, girman kowacce kuma bai wuce 2KB ba. Da na duba nauyin filash ɗin gaba ɗaya sai naga har yanzu cike yake kamar yadda ta barshi. Nace mata kwantar da hankalinki, kayanki na ciki, ɓoye su aka yi. Wannan shi ne bairos ɗin da ake cewa na shotkot (shotkot alama ce kawai mai nuna hanyar fayil, ba fayil ɗin kansa ba), abinda yake yi shi ne ya ɓoye foldojinka na gaskiya sannan ya jera na bogi a madadinsu, kai kuma garin neman fayil ɗinka sai ka danna na bogin, daga nan ya tsallaka ya shiga kwamfutarka, duk filash ɗin da aka ƙara sakawa shima ya kamu. Kuma ita ta riga ta danna, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a kwamfutoci har uku.

Zan dawo kan yadda muka fito da kayan, amma bari mu fara da sanin shi kansa abin. Bairos ba wata ƙwayar cuta bace mai rai, ba ƙura ke kawo shi ba, ba kuma zafin kwamfuta ba. Manhaja ce kamar kowace manhaja, mutum ne ya zauna ya rubuta ta da hannunsa, bambancin kawai ita an rubuta ta ne dan ta yi ɓarna ko sata kuma ta riƙa kwafar kanta tana yaɗuwa. Mu dai komai bairos muke ce masa, amma masu harkar sun rarraba su. Asalin bairos shi ne mai manne wa jikin wani fayil, ba ya motsi sai an buɗe fayil ɗin. Akwai wanda suke wa laƙabi da tsutsa, shi baya jiran kowa ya danna komai, ta netwok yake bi daga wannan kwamfuta zuwa waccan da kansa. Akwai tirojan, kura da fatar akuya kenan, zai zo maka a matsayin gem ko wata manhaja mai amfani, kai da kanka zaka saka shi kana murna. Akwai mai leƙen asiri da ke naɗe duk abinda ka buga a kibod. Sai kuma mafi tashin hankali, mai garkuwa da fayiloli, ya kulle maka hotuna da takardu ya ce sai ka biya kuɗin fansa.

Abin ya daɗe fa. Bairos na farko da ya yaɗu a irin kwamfutocin PC da muke amfani da su a gida sunansa Brain, ya fito a 1986 daga birnin Lahore na Pakistan, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi, kuma ta faifan filofi yake yawo, wato kakan filash ɗin yau. Abin dariyar ma har sunansu da adireshi da lambar waya suka saka a ciki. A wancan lokacin galibi burga ce da son a sani, yanzu kuwa sana'a ce, kuɗi ake nema, shi yasa bairos ɗin zamanin nan baya son ka gane yana nan. Na da zai cika maka sikirin da shirme, na yanzu lamo zai yi yana kwasar kalmomin sirrinka kai kana ta kallon bidiyo hankali kwance.

To ta ina yake shigowa? A iya abinda na gani, kusan kullum mu ne muke buɗe masa ƙofa da hannunmu, kuma babbar ƙofar ita ce manhajar sata, wadda ake cewa kirak. Kana son Photoshop ko Office ko wani gem mai tsada, baka son biya, sai ka shiga wani shafi ka sauke wanda aka fasa. Ka lura da umarnin da suke haɗo shi da shi, kusan koyaushe layin farko cewa yake ka kashe antibairos, wato manhajar da ke kama bairos, kafin ka buɗe. Dan Allah ka tsaya ka yi tunani, baƙon da ya ce sai ka sallami mai gadi kafin ya shigo gidanka, alheri ya kawo? Wanda ya ɓata dare da rana yana fasa manhaja ya baka kyauta ba dan yana ƙaunarka bane, banza bata kai zomo kasuwa. Akwai wani mai garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ko Djvu wanda ya daɗe yana addabar kwamfutocin gida, kuma ta irin waɗannan kirak ɗin ya fi shiga, sai ka wayi gari kaga duk hotunanka sun samu wani baƙon jela a ƙarshen sunansu, babu wanda ke buɗuwa, ga wani ɗan fayil mai suna _readme.txt yana gaya maka inda zaka tura kuɗi. In dai rashin kuɗi ne matsalar, akwai manhajojin da asalinsu kyauta ne kuma halal, LibreOffice na yin aikin rubutu da lissafi, GIMP na gyaran hoto, VLC na kunna kusan kowane irin bidiyo. Sai dai su ma a shafinsu na asali zaka sauke, ba a shafin da ke da maɓallin danlod guda biyar kore shar kana rasa wanne ne na gaskiya ba.

Ƙofa ta biyu ita ce abinda ake maƙalo wa a imel ko a turo maka a WhatsApp da Telegram. A watan Mayu na shekarar 2000 wani bairos da ya taso daga Filifin ya karaɗe duniya cikin 'yan kwanaki, saƙon imel ne mai taken ILOVEYOU, ɗauke da fayil mai suna LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Dabarar tana cikin sunan nan. Windows na ɓoye jelar ƙarshe ta sunan fayil, sai mutane suka riƙa ganin .TXT kawai suna zaton wasiƙa ce ta rubutu, alhali .vbs ne, wato umarni ne da kwamfuta zata aiwatar, kuma yana buɗuwa zai tura kansa ga duk mutanen da ke cikin jerin adireshinka, su kuma suga daga wajenka ya fito sai su buɗe. Sama da shekara ashirin kenan amma har gobe da wannan dabarar ake kama mutane, sai dai yanzu ba wasiƙar soyayya bace, rasit ne, ko takardar ɗaukar aiki, ko wai an aiko maka kaya sun maƙale.

Dan haka abu na farko da zaka gyara yau ɗin nan, kuma minti ɗaya bazai ci maka ba, shi ne ka sa Windows ta daina ɓoye jelar. Buɗe kowace folda, a Windows 10 ka danna View a sama ka sa alama a File name extensions, a Windows 11 kuma View sannan Show sannan File name extensions. Daga yanzu in kaga abu kamar rasit.pdf.exe ka san ba rasit bane. Jelar ƙarshe ita ce gaskiyar fayil, kuma waɗanda zaka yi kaffa-kaffa da su su ne .exe da .scr da .vbs da .js da .bat da .lnk. Hoto baya ƙarewa da .exe, waƙa ma haka, ko waye ya turo. Haka in ka buɗe takardar Word ko Excel da aka turo maka ta ce wai sai ka danna Enable Content kafin kaga abinda ke ciki, rufe ta kawai. In kuma kana kokwanto kan wani fayil, akwai shafin VirusTotal, mallakar Google ne, zaka ɗora fayil ɗin ya gwada shi da antibairos kusan 70 a lokaci guda. Amma kar ka ɗora takardar sirri a wajen, dan abinda aka ɗora masu bincike na iya gani.

Sai tallan tsoratarwa. Kana cikin karatu a wani shafi sai sikirin ya cika da jan rubutu harda ƙara, wai an gano bairos 5 a kwamfutarka danna nan ka wanke, ko ka kira wannan lamba yanzu yanzu. Ƙarya ce tsagwaronta. Shafin intanet bashi da ikon binciken cikin kwamfutarka, kuma Microsoft bata saka lambar waya a saƙon gargaɗi. Maganin da suke miƙo maka shi ne cutar. Ka rufe burauzar, in ta ƙi rufuwa ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka kashe ta daga can. Wani lokacin ma ba shafin bane, wata rana can baya ne wani shafi ya tambaye ka ko ya riƙa turo maka sanarwa ka danna Allow ba tare da ka karanta ba, shi ne yanzu yake ta jefo maka gargaɗin bogi a kusurwar sikirin. Shiga saitin burauzar wajen Notifications ka goge duk shafin da baka sani ba, zakaga abin ya ɗauke.

Yanzu maganar ofdet, wato sabunta Windows, wadda na san da yawanmu mun tsana saboda cin data da kuma yadda kwamfuta ke zaɓar daidai lokacin da kake sauri ta ce sai ta sake tashi. Na fahimta, nima yana bani haushi. Amma ka ji abinda ya faru a ranar 12 ga Mayu 2017. Wani mai garkuwa da fayiloli mai suna WannaCry ya ɓalle, ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, yana neman dala 300 ta kuɗin intanet na Bitcoin kan kowace kwamfuta, a Ingila har asibitoci sai da suka riƙa soke ganin marasa lafiya saboda kwamfutocinsu sun kulle. Shi wannan ba sai ka danna komai ba, wata ɓaraka ce a cikin Windows ya bi. Abin takaicin kuma, Microsoft ta riga ta fitar da facin wannan ɓarakar tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya faru, duk wanda ya yi ofdet ya tsira, waɗanda suka riƙa cewa sai gobe su ne suka kwana a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wajen shiga, ofdet kuwa shi ne yaɓen tsagar. Microsoft na sakin facin tsaro ne a Talata ta biyu ta kowane wata, to ko sau ɗaya a wata ka shiga Windows Update ka barshi ya gama abinsa, in ya so ka saita masa awannin da kake aiki dan kar ya katse ka. Burauza ma haka, Chrome ko Firefox ko Edge, in ta ce a sake kunna ta dan sabuntawa ka yi mata.

Kuma ka san wace Windows ce a kwamfutarka. An daina yi wa Windows XP faci tun Afrilun 2014, Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai wanda ya shiga tsarin ƙarin lokaci. Kwamfutar bazata mutu ba, zata ci gaba da aiki, amma duk ɓarakar da aka gano daga baya haka zata zauna a buɗe. In injinka ya tsufa baya ɗaukar Windows 11, gara ka saka masa Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows da ka ci gaba da shiga asusun banki da Windows 7.

Antibairos fa, wanne ya fi? Wannan ita ce tambayar da aka fi yi min kuma amsata bata cika yi wa mutane daɗi ba. In kana kan Windows 10 ko 11 kana da shi tuntuni, Microsoft Defender, yana cikin Windows Security, kyauta ne, kuma ga mai amfanin gida ya wadatar in dai an barshi a kunne yana sabunta kansa. Ka shiga ka tabbatar Real-time protection na kunne, Firewall ma haka. In kana son na kuɗi ba laifi, amma guda ɗaya tak, kar ka tara biyu ko uku wai dan tsaro ya yi ƙarfi, faɗa zasu riƙa yi da juna kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya. Mafi muni shi ne wanda ya zo da kwamfuta na gwajin wata ɗaya, ya ƙare shekara biyu da suka wuce amma alamarsa na nan a ƙasan sikirin mutum na ganin yana da kariya. Cire shi kawai Defender ya karɓi aiki. Antibairos na kirak kuwa ban ma san me zance ba, ka ɗauko ɓarawo ne ka bashi gadi. Ka kuma sani antibairos ba laya bane, kullum sabbin bairos ake ƙerawa, wanda ya fito da safen nan zai iya wucewa ta gabansa bai gane shi ba.

In kwamfutar ta gida ce kowa na taɓawa, yara na gem, wannan na kallo, wancan na aikin makaranta, ka buɗe wa kowa asusunsa na Standard, kai kaɗai ka riƙe na Administrator da kalmar sirri. Ta haka duk abinda zai shiga can cikin tsarin kwamfutar sai an zo an nemi izininka. Wannan akwatin da ke fitowa yana tambaya ko ka yarda manhaja kaza ta yi canji a na'urarka, ba ado bane, in ba kai ka tada abin ba ka danna No.

Duk wannan da na lissafa zai iya kuskurewa wata rana, shi yasa abinda na fi matsa wa mutane a kai shi ne ajiyar kwafi, bakof. Ka tambayi kanka, in kwamfutar nan ta ƙi tashi gobe da safe me zan yi kuka a kansa? Hotunan iyali, takardun aiki, rubutun da ka shekara kana yi. To waɗannan su zama suna wuri uku, a kwamfutar, a faifan ajiya na waje, sannan a intanet kamar Google Drive ko OneDrive. Ga inda mutane ke yin kuskure, sai su bar faifan wajen a maƙale da kwamfuta dare da rana. Mai garkuwa da fayiloli in ya shigo duk abinda ya tarar a jone sai ya kulle, har bakof ɗin. Ka jona, ka kwafa, ka cire, ka jefa a durowa. Kuma lokaci lokaci ka buɗe kaga ko fayilolin na buɗuwa da gaske, na taɓa ganin wanda ya shekara yana bakof ashe shotkot kawai yake kwafa.

Ya zaka gane an riga an shiga? Fanka na ta ihu alhali baka buɗe komai ba, data na zuƙewa ba dalili, shafin farko na burauza ya canza da kansa, wasu manhajoji da baka saka ba sun bayyana, antibairos ya kashe kansa ya ƙi kunnuwa, ko abokai su fara kiranka suna tambayar wane irin linki ne ka turo musu. Amma ba duk nauyin kwamfuta ne bairos ba fa, wani lokacin faifan ne ya cika ko ya tsufa, kar ka yi saurin zuwa a yi maka fomat, wato a goge komai.

In ka tabbatar ko kana zargi mai ƙarfi, fara da katse intanet, kashe Wi-Fi ko zare waya, sannan ka cire duk filash da faifan waje. Shiga Windows Security, Virus & threat protection, Scan options, ka zaɓi Full scan, in ya gama ka koma ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan, shi wannan zai kashe kwamfutar ya yi bincike kafin Windows ta tashi, lokacin bairos ɗin bai farka ba balle ya ɓuya. Kana iya ƙarawa da manhajar binciken bairos ta Malwarebytes ta kyauta a matsayin ido na biyu. Daga nan ka canza kalmomin sirrinka, amma a wata na'urar daban kamar wayarka, ba a kwamfutar da ake zargi ba, ka fara da imel dan shi ne uwar sauran, duk wanda ya riƙe imel ɗinka zai iya sake saita Facebook ɗinka da komai. Ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata shaida kamar lambar da za a turo wayarka, ka kuma fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun dan wasu ɓarayin ba kalmar sirri kaɗai suke ɗauka ba, har shaidar shigarka da burauza ta ajiye suke kwashewa. In abin ya ƙi fita yana ta dawowa, kwashe takardu da hotuna kawai, banda manhajoji, ka sake saka Windows sabuwa fil.

In kuma mai garkuwa ne ya kulle fayilolin, shawarata kar ka biya, babu tabbacin zasu baka makullin, kuma kar ka goge fayilolin da aka kulle. Akwai shafin No More Ransom da hukumar 'yan sandan Turai Europol da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, suna ajiye makullan wasu nau'ikan kyauta. Ba kowane iri ke da makulli ba, amma wani sai bayan watanni ake samun nasa, to ka adana fayilolin a wani faifai ka riƙa leƙawa.

Na dawo kan filash ɗin ƙanwata. Ban danna ko shotkot ɗaya ba, na danna masa maɓallin dama na linzami na sa Defender ya bincike shi, ya kamo wani ɗan fayil mai jelar .vbs ya killace. Sannan na buɗe Command Prompt, wajen rubuta wa Windows umarni, na rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* na danna Enter, E ɗin nan harafin filash ɗin ne a kwamfutata, kai ka duba naka ka saka wanda ya dace. Abinda umarnin ke yi shi ne cire wa fayiloli rigar ɓuyan da aka saka musu. Bayan 'yan daƙiƙu sai ga wata folda marar suna ta bayyana, muna buɗewa ga aikinta cif babu abinda ya taɓu. Na kwashe kayan zuwa kwamfutata, na goge shotkot ɗin, na yi wa filash ɗin fomat na mayar mata da kayanta.

Washegari ta dawo da shi ya sake kamuwa, dan mun wanke filash mun manta da laftof ɗinta inda bairos ɗin ke zaune yana jira. Sai da muka yi wa laftof ɗin wancan binciken na Offline, muka shiga Task Manager wajen Startup muka kashe wani baƙon abu da ke tashi tare da Windows, sannan nace ta kira masu sauran kwamfutoci biyun da ta saka filash ɗin ta gaya musu su ma su bincika nasu kafin ta sake kai musu shi.